Faifan robar da ya tashi maigida daga kan kujera

 Tun da muka yi magana a kan gishiri da hawan jini makonni biyu da suka wuce, saƙonni suke ta shigowa, akasarinsu daga matan aure, kuma kukansu ɗaya ne: likita ya ce maigida ya riƙa tafiya da ƙafa, maigida ya ce to, amma har yau takalmin da aka saya domin tafiyar yana cikin kwalinsa. Wata baiwar Allah daga Tunga ta rubuto cewa, "Anti, na yi lallashi, na yi fushi, na haɗa shi da yayansa, duk a banza. Yaya zan yi?"

'Yar uwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da kike fama da shi na sha shi a gidana a nan Shango, don haka yau zan ba ki labarin yadda muka samu mafita ta inda ba mu zata ba.

Bara bayan Babbar Sallah maigidana ya fara korafin ciwon kai ta ƙeya, da jiri idan ya miƙe. Da ƙyar na shawo kansa muka je asibiti. Aka auna, jininsa 160 bisa 100. Aka ce ya dawo bayan mako guda, aka sake aunawa, bai sauka ba. Shekararsa 52, ma'aikacin gwamnati ne. Rayuwarsa kuwa irin wadda kuka sani ce: daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa kujerar ofis, ƙarfe huɗu ya dawo, ya ci abinci, ya fita majalisa ya zauna a benci har Isha, ya dawo ya zauna gaban talabijin. In aka tara tafiyar da yake yi da ƙafarsa a yini, daga gida zuwa masallacin layinmu ce kawai.

Likita ya rubuta magani, sannan ya dube shi ya ce, "Alhaji, ƙwaya kaɗai ba za ta ɗauki nauyin nan ba. Ina son minti 30 na tafiya da ƙafa, kwana biyar a mako." Hankalina ya tashi sosai, domin yayansa da suke ciki ɗaya shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi shekara uku ke nan, kuma shi ma da ciwon kai irin wannan ya fara.

Kwana uku maigida ya yi yana fita. A na huɗu ya dawo ransa a ɓace, ya cire takalmin ya jefa bayan ƙofa. Ya ce, "Maman yara, na daina. Ni da girmana ina zarya a bakin titi kamar wanda aka kora daga gida? Kowa ya gan ni sai ya taka birki, Alhaji lafiya? Motar ce ta lalace? Shigo in rage maka hanya. Mutum uku yau suka tsaya. Ga tireloli da tankoki suna watsa mini ƙura."

Na so in yi gardama, amma na san gaskiya ya faɗa. A wurinmu magidanci mai rufin asiri ba ya tafiya da ƙafa haka kawai. Tafiyar ƙasa alamar babu ce, ko alamar an shiga matsala. Kuma duk wanda ya san babban titin da ya ratsa Shango ya nufi Chanchaga da Paiko ya san ba wurin shan iska ba ne. Ashe ba lalaci ne kaɗai ke hana mazajenmu tafiya ba, har da kunya da rashin abin da za a ce an fito yi.

Tsarabar Finland

A watan Disamba ɗan yayana da ke karatu a ƙasar Finland ya zo hutu. Cikin tsarabarsa akwai wasu fayafayan roba guda uku masu launi, kowanne bai wuce faɗin farantin cin abinci ba. Na juya ɗaya na ce, "Wannan murfin kwano ne ko faranti?" Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, wasa ake yi da shi. Can har tsofaffi suna yi."

Sunan wasan a Turance disc golf, mu kuma a gida muka raɗa masa jifan faifai, tunda ya yi kama da faifan da muke rufe ƙwarya da shi. Dokarsa irin ta golf ce, wancan wasan da manya ke bugawa da sanda da ƙaramar ƙwallo a wurare irin filin golf na IBB da ke Abuja. Bambancin shi ne nan babu sanda, babu ƙwallo, babu kuɗin zama ɗan ƙungiya. Ana tsayawa a wuri guda a jefa faifai zuwa wani kwandon ƙarfe da aka kafa a kan sanda, wanda aka rataya wa sarƙoƙi domin su tare faifan ya faɗa ciki. Inda faifanka ya faɗi, nan za ka taka ka je ka tsaya ka sake jifa, har ya shiga. Sai a wuce kwando na gaba. Fili yakan kasance da kwando 9 ko 18, kuma wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci.

Wasan ba daga masu kuɗi ya samo asali ba. Masu tarihinsa suna ambaton wasu 'yan makarantar firamare a garin Bladworth na ƙasar Kanada da suka riƙa jifan murafun gwangwani zuwa da'irar da suka zana a ƙasa tun a 1926. Fili na farko na dindindin an kafa shi a 1975 a wurin shaƙatawa na Oak Grove da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, a hannun wani mai suna Ed Headrick, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan wasan a 1976, kuma shi ne ya fito da kwandon nan mai sarƙa. A yau Finland, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, ita ke bin Amurka a yawan filayen wasan, kuma mafi yawansu a wuraren shaƙatawa na jama'a suke, kyauta ake shiga.

Mu ba mu da kwando mai sarƙa. Abin da muke da shi filin wata makarantar firamare ne a bayan layinmu, mai itatuwan mangwaro da darbejiya. Ɗan yayana ya je ya gaida hedimasta, ya nemi izinin yara su riƙa shiga da yamma bayan an tashi. Ya yarda, da sharaɗin kada a doshi tagogin azuzuwa. Aka zaɓi bishiya tara, aka ɗaura wa kowacce tsumma ja daidai ƙirjin babban mutum. Dokarmu: faifai ya taɓa gindin bishiyar ƙasa da tsumman, ka gama da ita.

Yadda maigida ya faɗa tarko

Ban ce masa ya zo ba, domin na riga na gaji da cewa. Wata ranar Asabar ya zo kiran yaran saboda Magariba ta gabato, ya tsaya a bakin fili yana kallo hannuwa a baya. Autarmu, mai shekara 9, ta yi jifa faifan ya kauce. Ya ce, "Haba, ga bishiya ƙatuwa a gabanki ki kasa samu?" Ta miƙa masa faifan ta ce, "Abba, to kai gwada mu gani."

Ya naɗe hannun riga, ya tattara ƙarfinsa duka ya wurga. Faifan ya tashi sama kamar shirwa, ya juya, ya faɗo bayansa kusa da wata akuya. Yara suka fashe da dariya har da faɗuwa. Ya ce a ba shi ya sake. Ranar sai da aka kira salla suka bar filin, kuma a hanyar gida yana ta bayanin cewa iska ce ta cuce shi.

Washegari shi ya fara tambaya, "Ina faifan nan?" Auta ta cinye shi da jifa 31, shi yana da 38. Wannan bakwai ɗin ta hana shi sukuni. Mutumin da ya kasa jure minti 30 a bakin titi sai ga shi yana minti 50 a fili, yana tafiya, yana sunkuyawa, yana miƙewa, bai ma san ya yi ba. Babban ɗanmu ya sa masa manhajar ƙirga taku a waya, zagaye biyu na bishiya taran nan ya ba shi taku fiye da 4,000. Babu wanda ya tsaya ya tambaye shi ko mota ce ta lalace. Uba ne yana wasa da 'ya'yansa, kuma wannan ba abin kunya ba ne a ko'ina.

Yanzu wata bakwai ke nan, sau huɗu a mako. Abokansa biyu na majalisa sun shigo, ɗaya mai ciwon suga ne. Jininsa a awo na baya-bayan nan 135 bisa 85. Kada wani ya ce na ce faifai ya warkar da hawan jini. Yana shan maganinsa kullum ba fashi, na rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, ya rage lemon kwalba. Wasan ƙafa ɗaya ce cikin ƙafafun murhu uku, amma ita ce ƙafar da muka daɗe muna nema.

Abin da jiki ke samu

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, wato irin wanda zai sa numfashinka ya ɗan ƙaru amma kana iya magana. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 suke bukata kowace rana. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa kaiwa wannan mizani. A tsakanin matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 abin ya fi muni, domin kusan huɗu cikin biyar ba sa motsa jiki yadda ya kamata.

Ga mai hawan jini, motsa jiki a kai a kai yakan sauke lambar sama da kimanin maki 5 zuwa 8. Kada a raina wannan, domin kowane ɗan sauƙi da aka samu yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya. Ga mai ciwon suga, tsokar da ke aiki tana jan sukari daga cikin jini, shi ya sa tafiya bayan cin abinci take da amfani. Sai kuma barci mai daɗi, da raguwar tumbi a hankali, da sauƙin damuwa.

Sai dai a faɗi gaskiya: idan ana tafiyar hawainiya tsakanin bishiya da bishiya, ana tsayawa hira da danna waya, ribar kaɗan ce. A riƙa takawa da ɗan sauri zuwa inda faifai ya faɗi. Nan amfanin yake.

Akwai wata riba da na'urar awo ba ta nunawa. A da yaranmu in sun dawo daga Islamiyya kowa waya yake nema. Mu da muka tashi da gala-gala da 'yar ɓuya da gaɗa a dandali, mazanmu suna langa har duhu, mun haifi 'ya'yan da ba su san gudu ba sai in kare ya biyo su. Yanzu a filin nan ne maigida ya ji daga bakin ɗanmu na tsakiya cewa wani yana cin zalinsa a makaranta, maganar da ya ɓoye wata biyu. Yaro ba ya buɗe cikinsa idan an zaunar da shi ana yi masa tambayoyi, amma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ubansa sai magana ta fito da kanta.

Yadda za ku shirya naku

Ba sai kuna da ɗa a Finland ba. Ga abin da ake bukata:

Na farko, faifai. Na gasa faɗinsa kimanin santimita 21 ne, nauyinsa ba ya wuce giram 200. Shagunan kayan wasanni da na kayan wasan yara sukan kawo faifan roba na jifa, kuma ya isa a fara da shi. In ba a samu ba, murfin ƙaramin bokitin roba yana tashi. Kada a yi amfani da murfin ƙarfe ko na langa, bakinsa yana yanka.

Na biyu, fili. Filin makaranta bayan an tashi, filin Idi, ko wani kangon fili mai tsabta a cikin unguwa. A nemi izinin mai wurin ko mai unguwa tukuna. Masu zuwa wuraren shaƙatawa irin Murtala Park su tambayi masu kula da wurin, su kuma zaɓi lokacin da babu cunkoso, ba ranakun Sallah ba. A halin da ake ciki na tsaro, a tsaya cikin gari inda jama'a ke gani, kada a bi fili zuwa bayan gari.

Na uku, abin nufi. Bishiya, turken ƙwallo, ko tsohon kwandon wanki da aka ɗora a kan kujera. A bar taku 40 zuwa 70 tsakanin ɗaya da ɗaya. Ga ƙananan yara da tsofaffi a matso musu da wurin farawa, domin kowa ya samu damar ci.

Na huɗu, riƙo da jifa. Babban yatsa a sama, sauran huɗu a ƙarƙashin baki. A tsaya a karkace, kafaɗar hannun jifa tana kallon bishiyar. A jawo faifan ta gaban ƙirji a sake shi a kwance, kamar mai miƙa tire. Sirrin a wuyan hannu yake, ba a ƙarfi ba, shi ya sa auta take cinye babanta. Wanda ke jifa da dama zai lura faifan yakan karkata hagu idan ya kusa sauka, don haka ya ɗan nufi dama da bishiyar.

Na biyar, doka. Wanda faifansa ya fi nisa da bishiya shi ke fara jifa, sauran su tsaya a bayansa. Ba a jifa sai gaba babu kowa, ko mutum ko dabba. A ba yaro ɗaya takarda da biro ya riƙa rubuta lissafi, ga darasin tarawa a kyauta.

Hattara dai

Wanda jininsa ya kai 180 bisa 110, ko mai ciwon zuciya, ko wanda ya daɗe bai motsa ba kuma shekaru sun ja, ya ga likita kafin ya fara. Duk wanda ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri, ya tsaya nan take a kai shi asibiti, kada a ce bari a ƙarasa zagayen. Kuma kada wanda ya ga jininsa ya sauka ya ajiye magani da kansa. Wannan kuskuren ya kwantar da mutane da yawa.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura ya sa dabino ko alewa a aljihu saboda faɗuwar sukari, ya sa takalmi rufaffe, ya duba ƙafarsa idan ya dawo. Yara masu sikila suna iya wasa, amma a ba su ruwa sosai, su huta da zarar sun gaji.

Mutanen Minna kun san zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana takan doshi digiri 40. A fita bayan Asuba ko bayan La'asar sakaliya, da gorar ruwa. Da damina ciyawa takan yi tsawo, kada yaro ya cusa hannu cikin duhuwa neman faifai, a fara bugawa da sanda saboda maciji. Da hunturu mai asma ya guji ranar da ƙura ta yi yawa, ya riƙe abin shaƙarsa. Kafin a fara kuma a ɗan juya kafaɗa da ƙugu na minti biyar, domin maigida ya yi kwana uku yana shafa man zafi bayan wurgin nan nasa na farko.

Mu mata fa?

Na san wata za ta ce wannan na maza da yara ne. To ni ma ina yi, da hijabina, ranar Lahadi da safe kafin fili ya cika, tare da maƙwabtana biyu. Ba gudu ake yi ba, ba tsalle, babu abin da zai zubar da mutunci. Wadda fita ke yi mata wuya ta ajiye kwandon wanki a ƙarshen tsakar gida, ita da 'yan matanta su riƙa jifa daga taku goma, kowa ta je ta ɗauko nata da kanta. Aikin gida gajiya ne, amma yawancinsa a tsaye ko a zaune muke yinsa wuri guda, kuma hawan jini bai san mace ko namiji ba. Mu da muke bin kowa da magani, mu ne muka fi mantawa da auna namu.

Roƙona ga masu unguwanni da ƙungiyoyin iyaye da malamai shi ne a riƙe 'yan filayen da suka rage. Kowace shekara sai mun ga an yanka wani an jera shaguna. Unguwar da ba ta da inda yaro zai yi gudu, dattijo ya taka, kuɗin da ta samu a haya a kantin magani za ta kashe shi.

Ke kuma 'yar uwata ta Tunga, ki daina faɗa da shi a kan tafiya. Ki sayo faifai ki ba yara, ki bar su su yi ta wasa a inda zai gan su. Ki sa ƙaramar cikinsu ta ce masa, "Abba, gwada mu gani." Sauran ki bar wa zuciyar maza. In ba faifai ba, ko ƙwallo ce, ko wani abin da zai ba shi dalilin fita, duk ɗaya ne. Ki rubuto mini bayan wata guda in ji yadda aka kwashe.

A gidanmu dai har yanzu auta ce ke riƙe da kambi da jifa 27. Maigida ya sauko 29, kuma ya ce kafin azumi sai ya karɓe shi.

Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake auna jini a gida ba tare da kuskure ba, da irin na'urar da ta dace a saya. Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.